Hannun da Aka Yi wa Tsaga

Tun kafin ranar wasa ta zo labari ya gama Garuwa: Taufiƙ ɗan Idrisa Mahauci zai koma jifa. 'Yan kilando masu haya da babur suna gaya wa fasinja ko bai tambaya ba, a kasuwa kuwa an manna hotonsa a kusan kowace rumfar nama. Abin dariya shi ne, cikin masu wannan zumuɗi, waɗanda suka san yadda ake wasan besbol ba za su cika ƙaramar bas ba. Iyakar saninsu, ɗansu ne ke tsayawa a kan ɗan tudu ya wurga wata ƙwallo mai tauri, wani ƙato ya kawo mata duka da sanda ya daki iska. In ƙaton ya kuskure sau uku, an fitar da shi. Wannan ya ishe su.

Taufiƙ kam ya yi suna a wasan. Daga filin makarantar da wani malami ya koya musu, ya wuce Yawunde, ya wuce Duwala, har wata ƙungiya a Faransa ta ɗauke shi. Masu sanda suna tsoronsa, domin ƙwallonsa takan taho kamar za ta shiga ƙirjin mutum, sai ta lanƙwashe ta faɗi wajen gwiwa. Ana cikin wannan daɗi jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke. Aka yi masa aiki, ya kwanta asibiti a garin da ba wanda ya iya kiran sunansa daidai, yana fitowa kuma ƙungiyar ta yi masa godiya ta sallame shi. Ya dawo gida da jaka ɗaya, ya tsaya bayan teburin mahaifinsa yana saran ƙashi. Waɗanda a da suke rububin ɗaukar hoto da shi, yanzu sai su ce masa "Champion, ƙara mini tumbi." Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya haɗiye.

Sai ga dama ta dawo, guda ɗaya tak. Édouard, kocin wata babbar ƙungiya a Duwala, ya kawo yaransa su kara da 'yan Arewa, ya kuma gaya wa Taufiƙ ba ɓoye-ɓoye cewa in hannun ya jure wasan har ƙarshe zai tafi da shi. In kuwa ya gaza, to ya rungumi wuƙarsa da hannu biyu.

Ba 'yan Duwala ne suka dami Taufiƙ ba. Mahaifinsa ne.

Baba Idrisa tsohon ɗan dambe ne, kamar ubansa da kakansa, don a wajen mahauta dambe gado ne. A zamaninsa ya kayar da maza daga Poli har Marwa. Bai taɓa kallon besbol ba, cewa yake wasan da za ka jefi mutum daga nesa, kuma kana kaffa-kaffa kada ka same shi, ai wasan yara ne. Amma da aka manna hoton nan a rumfarsa, ya tsaya ya ƙare masa kallo. Ya ga ƙatuwar safar fata a hannun ɗansa na dama, sai fuskarsa ta washe. A dambe, hannun da aka naɗe shi ne mai kisa. Tun daga ranar ya riƙa nuna wa masu sayen nama hoton, yana cewa ashe Turawan nan ma sun san a ɗaure hannun dama.

Ba wanda ya gaya masa cewa a besbol safar ta cafke ƙwallo ce, hannun jifa kuwa tsirara yake. Taufiƙ bahago ne. Yana ƙarami Baba Idrisa ya ɗaure masa hannun hagu da igiya har ya koyi riƙe wuƙa da dama, don a kasuwa ba mai karɓar naman da aka miƙo da hagu. Yaro ya koyi ci da dama, yanka da dama, rubutu da dama. Jifa kaɗai ya rage wa hagu, ita ma a bayan kwata ya koye ta, inda yake korar ungulu ba mai kallonsa. Da ya girma, ya sha niyyar gaya wa mahaifinsa, bakin ya ƙi buɗuwa. Da ya bugo waya daga Faransa ya ce an yi wa hannunsa aiki, ba wanda ya tambaye shi wane hannun. Tun dawowarsa kuma riga mai dogon hannu yake sawa, a Garuwar da ko ƙadangare yana neman inuwa. Kullum da safe tsohon yakan kama masa hannun dama ya yi addu'a ya tofa, Taufiƙ ya ce amin.

A jajibirin wasa, bayan la'asar, Taufiƙ ya shigo gida ya tarar da tabarma a shimfiɗe a tsakar gida. Dattawan mahauta suna zaune, ga wanzami yana wasa aska, ga ƙoƙo da wani baƙin garin magani. Ya gane nan take. Tsaga ce irin ta 'yan dambe, wadda ake yi wa hannun duka a goga magani don ya yi nauyi. Baba Idrisa ya ce a gaban kowa, shi bai san wasan ba, amma ya san hannu, kuma ɗansa ba zai shiga fili da hannu haka kawai ba.

Taufiƙ ya shiga lissafi. In aka tsaga hagu, gobe ta kumbura, shi ke nan Duwala ta wuce shi. In ya ƙi, ya kunyata ubansa a gaban abokan sana'a. Yana cikin wannan lissafi tsohon ya ce, "Kawo hannun." Sai Taufiƙ ya naɗe hannun rigarsa na dama zuwa ƙasan gwiwar hannu ya miƙa. Wanzami ya jera masa ƙananan tsagu a bayan hannu, ya goga magani mai raɗaɗi kamar barkono. Yayarsa Adawiyya, wadda ita kaɗai a gidan take kallon wasanninsa a waya, tana tsaye a ƙofar madafi ta toshe baki da gefen gyale, kafaɗunta suna rawa.

Taufiƙ ya ɗauka ya sha. Sai Baba Idrisa ya miƙe ya sanar da cewa gobe mahauta za su tashi kasuwa da wuri, shi da kansa zai je fili, da masu kalangu, ya ga aikin maganin da idonsa.

Dariyar Adawiyya ta ɗauke. Bayan baƙi sun watse ta ja shi gefe ta ce ya je ya faɗa wa Baba tun kafin duniya ta faɗa masa. Ya je har ƙofar ɗakin, ya ji tsohon yana rera tsohon takensa na dambe cikin nishaɗi, ya juyo.

Washegari filin da ke kusa da kogi ya cika maƙil. Wasu a kan babura, wasu a kan wata motar auduga da direbanta ya tsaya kallo. Mahauta suka kama gefe guda, Baba Idrisa a tsakiya cikin babbar riga, masu kalangu uku a gabansa suna zuba masa kirari kamar shi ne zai yi wasan. Da Taufiƙ ya taka tudu, sai fili ya kaure. Ya sa safa a dama, a kan tsagun da ke masa zugi. Ya riƙe ƙwallo a hagu. Ya san yana ɗaga hannun nan ya tona kansa, kuma babu wata hanyar zuwa Duwala sai ta nan.

Ya ɗaga ƙafa, ya saki. Ƙwallo ta wuce mai sanda ta faɗa safar abokin wasansa mai cafkewa da ƙara, tas. Jama'a suka ɗauki sowa. Gefen mahauta kaɗai ya yi tsit. Kalangu ɗaya ya ci gaba shi kaɗai, sannan shi ma ya ji kunya ya yi shiru. Taufiƙ ya saci kallo, ya ga dattawa suna raɗa, ya ga wani yana nuna hannunsa na hagu yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ga mahaifinsa zaune kamar an dasa shi.

Daga nan hannu ya rikice. Ƙwallon da ya saba ajiyewa inda ya ga dama ta riƙa tashi sama, ta riƙa cin ƙasa. 'Yan Duwala kuwa ba wasa suka zo yi ba. Wani gajere mai faɗin kafaɗa ya maka mata sanda ta tashi sai bakin ruwa, yaransu suka zagaye fili suna tafi. Édouard ya harɗe hannu a ƙirji. Taufiƙ ya ji kunya ta rufe shi, bayan kunyar kuma sai haushi ya taso. Ya riga ya ɓata wa ubansa rai, to ai kuwa ba zai ɓata a banza ba.

Ya share gumi, ya gyara tsayuwa, sai ga Taufiƙ na da ya dawo. Ya aika wa mai sanda na gaba da ƙwallo mai gudu, bai ma ga wucewarta ba. Ya aika masa da mai lanƙwasa, ya kai duka har ya juya a kan dunduniya. A jifa ta uku aka fitar da shi, aka fitar da na bayansa, aka fitar da na bayan wannan. Zagaye bayan zagaye 'yan Duwala suna zuwa da sanda suna komawa da ita kamar masu rakiya. 'Yan Arewa ma da nasu lokacin duka ya zo suka farfaɗo, suka rama, suka wuce gaba da ɗan kaɗan. Mata masu sayar da ruwan sanyi suka ajiye faranti suna guɗa. Adawiyya ta hau kan benci, gyale a ɗaure a ƙugu, tana yi wa mahauta bayanin dokar wasa da Hausa da Fillanci, duk a haɗe. Kalangu dai bai dawo ba, don Baba Idrisa bai ɗaga hannu ba.

Kafin zagayen ƙarshe, gwiwar hannun Taufiƙ ta soma ci kamar an sa garwashi. Yana zaune a benci ya dafe ta, sai ya ji fili ya yi wani irin shiru. Baba Idrisa ne ya taso, ya tsallake farin layi, ya ratsa tsakiyar fili. Alƙalin wasa ya biyo shi yana Faransanci, tsohon bai ko waiwaya ba. Taufiƙ ya miƙe, kansa a ƙasa.

"Tun yaushe?" in ji Baba Idrisa.

"Tun ina yaro, Baba."

"Naɗe rigar."

Ya naɗe ta hagu har dantse. Ga tabon ɗinki nan, dogo, ya bi cikin gwiwar hannu. Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ya sa babban yatsa ya bi shi daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar mai duba nama kafin ya sa wuƙa.

"Wa ya zauna da kai a asibitin?"

"Ba kowa, Baba."

Idon tsohon ya kaɗa. Ya ce, "Kullum safiya ina tofa wa hannun da lafiyarsa ƙalau, kana cewa amin. Wannan kuwa, ni na ɗaure shi, Turawa suka yanka shi, ba wanda ya taɓa yi masa addu'a." Ya kama hannun da hannuwansa biyu, ya yi bisimilla, ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa a kan tabon, jama'ar Garuwa suna kallo. Sannan ya juya wajen masu kalangu ya ɗaga murya irin ta filin dambe. "Ku kuma me kuke jira? Ba ku iya taken bahago ba ne?"

Ashe sun iya. Kalangu ya fashe, mahauta suka miƙe gaba ɗaya, har wanzamin jiya yana rawa. Taufiƙ ya koma tudu yana ganin fili dishi-dishi saboda hawaye. Ciwon bai tafi ko'ina ba, amma ya daina jin tsoronsa. Ya fitar da na farko. Na biyu ya taɓa ƙwallo ta yi sama, aka cafke, shi ma ya fita. Sai ga gajeren nan mai faɗin kafaɗa ya dawo yana juya sanda. Taufiƙ ya ba shi mai gudu, ya kuskure. Ya ƙara masa, ya doke ta ta fita gefe, aka ƙirga masa kuskure na biyu. Kalangu ya ƙara wuta. Taufiƙ ya ja numfashi, ya tattara abin da ya rage a hannun ya saki. Ƙwallo ta nufi ƙirjin gajere, ya kawo duka da dukkan ƙarfinsa, ita kuwa ta riga ta lanƙwashe ta shige safa.

Gajere ya fita, wasa ya ƙare, 'yan Arewa sun ci. Fili ya fashe. Mutane suka kwararo daga kowane gefe, babura suna ta hon. Édouard ya kutso da ƙyar yana dariya, ya ce Taufiƙ ya haɗa jakarsa, motar Duwala ba za ta tashi ba sai da shi. Samari suka yo kansa za su ɗaga masa hannu sama, sai suka ci karo da Baba Idrisa. Tsohon ya riga ya rungume hannun hagun a ƙirjinsa, yana ture su da kafaɗa.

"Ku gaisa da na dama," in ji shi. "Wannan ya gaji."

Haka suka ratsa taron, suka bi hanyar kasuwa a ƙasa, kalangu na biye da su. Har suka shiga zaure bai saki hannun ba.