Fatun da Majemi Ya Bari a Ruwa

"Ta ƙasan za ka ɗago, Malam Tela. Ta saman ta sha."

Majemi ne ke magana daga kan tabarma, an tokare shi da matashi a jikin bango. Tela, maƙwabcinsa, ya sake nutsa sandar cikin kwatarniya, ya ɗago fatar akuya mai nauyin jiƙaƙƙen bargo. Ƙugunsa ya amsa. Mutumin da ya tsufa a kan keken ɗinki, yau ga shi tsugune yana juya ruwan bagaruwa.

Sun daɗe ba sa jituwa. Dakan bagaruwa yakan girgiza bangon shagon Tela, wari kuma ya kama kayan mutane. Majemi bai taɓa ba shi haƙuri ba. Ƙuruciyarsa kaf a kamfanin fata ta ƙare, inda wani shuɗin ruwan sinadari ke jeme fata kafin a ƙifta ido. Ya fito da cinyayyun farata da ƙirji mai fito kamar buta, ya rantse shi da wannan shuɗin ruwan har abada. Ya koma jimar ubansa, mai cin lokaci. Dukawa masu sauri suka watse, suka bar masa 'yan tsiraru.

'Yarsa ta fito daga ɗaki da jaka a hannu. Tun daga garin da take aure ta zo don ta kai shi asibiti, idanunta sun faɗa don rashin barci.

"Baba, mota tana jira. Jiya ma haka muka sallami mai motar."

"In na tafi za su lalace."

"Su lalace mana. Fata ce."

"Fatun mutane ne," in ji shi, sai tari ya sarƙe shi. Ta durƙusa tana shafa masa baya.

Tela ya jingine sandar. Bai shirya faɗar haka ba, ya dai ji bakinsa ya faɗa.

"Tashi ka bi yarinya. Ni zan riƙa juyawa."

Majemi ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai da ka ce warina ya kore maka amare?"

"Ai sun riga sun koru. Me ya rage?"

Majemi ya yi dariyar da ba ta da sauti. Su biyu suka ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan. A bakin ƙofa ya riƙo hannun rigar Tela.

"Safe da yamma. In ruwan ya salamce, ka ƙara daka. Kada ka yi musu gaggawa."

Bai dawo da ƙafarsa ba. Da aka kai shi makwanci aka watse, mijin 'yar ya zagaya tsakar gidan yana toshe hanci, ya ce a tuntsurar da kwatarnin a huta.

"A bar su tukuna," in ji Tela.

'Yar ta dube shi. "Baba Tela, ai ka yi mai wuyar. Kai ma ba lafiya gare ka ba."

"Na ce zan juya."

Haka ya yi ta shigowa, yana daka yana hutawa, yana juyawa yana dafe ƙugu. Ya kira wani tsohon baduku ya duba, sai da ya ce sun jemu aka tsamo su. Biyu sun yi tabo inda sanda ba ta kai ba. Sauran sun fito jajaye, masu laushi. Masu su suka zo suka karɓa, suka yi ta'aziyya a tsaye.

Ran nan Tela ya buɗe shago. Farin yadin wani ango na ninke a kan teburi. Ya miƙa hannu, sai ya tsaya. Hannayen sun rine har wuyansu, sabulu ya ƙi fitar da shi. Ya ja kujera ya zauna, ya ɗora su a gwiwa, keken yana lulluɓe a gabansa.