Malam Rabi'u Ya Je Dubiya

Shekara uku ke nan karyar tana kwana a ƙofar benen da Malam Rabi'u yake haya a unguwar Hayyus Sabi'. Ja ce, mai tsayayyun kunnuwa, irin karnukan titin da Misirawa ke kira baladi. Ba wanda ya kawo ta, ba kuma wanda ya taɓa cewa tasa ce.

Shi Malam Rabi'u mutumin Gusau ne. Ya zo Alƙahira karatu furfura ta riga ta fara masa sallama, ya buɗe ɗan shagon turare da kilishi a ƙasan benen. A shagon nan ɗalibai Hausawa ke taruwa, in gardama ta yi tsami shi ake juyowa a kalla. Kullum bayan asuba yakan sauko da ragowar abinci a leda, ya juye a gindin fal ɗin wutar lantarki, ya kau da kai kamar mai duba yanayin gari.

"Malam, yau ma za a kai wa gimbiya kalaci?" in ji matarsa Mardiya.

"Zubarwa zan yi. Abinci ne, ba kyau a haɗa shi da shara."

"Shi ya sa kake tsince ƙayar kifin kafin ka zubar."

Sai ya ɗauki ledarsa ya sauka.

A farkon zafin bana karyar ta daina tashi in ya sauko. Wani ƙari ya fito mata ta baya, yana zubar da jini. Kwana biyu abincin yana nan inda ya juye shi. A na ukun Bakri ya zo sayen kilishi. Bakri Bahaushen Sudan ne, yana aiki a wani asibitin dabbobi a Abbasiya. Malam ya auna masa, ya ƙara masa gyara fiye da kullum, sannan ya ce, in ba damuwa, ya ɗan leƙa gindin fal ɗin can.

Da la'asar Bakri ya dawo da mota ya ɗauke ta. Washegari ya kira Malam asibitin. Likitar, Duktura Shahd, ta ce ciwon daji ne, amma irin wanda yake jin magani. Allura shida, kowace Alhamis ɗaya. Ta farko an riga an yi mata da ragowar maganin da suke da shi.

"Sauran biyar ɗin fa?" Malam ya tambaya.

"Daga asusu za su fito," in ji Bakri. "Wasu mutane ne warwatse a duniya, ba su ma san fuskar juna ba. Suna zuba jari a kirifto, kuɗin nan na cikin waya. In ya tashi sai su yanki wani abu cikin ribar su ba asibitocin da ke maganin dajin karnuka. Ka ga firijin maganin can? Su suka saya."

"Karnuka kawai?"

"Karnuka kawai, ya Sheikh. Yawancinsu nasu ne suka mutu da ciwon."

Sai dai an sha damfarar mutanen da hotunan karnukan da aka kwaso a intanet. Don haka suka sa doka. Sai an ɗauki bidiyon mai kare tare da karensa, a ɗora a shafinsu inda kowa zai gani, su kalla su jefa ƙuri'a. Ranar Laraba ake rufewa. In ba su yarda ba babu allurar Alhamis, in kuwa aka tsallake mako ƙarin zai dawo da ƙarfinsa.

"Ai ba ta da mai ita," in ji Malam.

"To wa ya kira ni?"

"Kai ka kawo kanka sayen kilishi."

Duk da haka ranar Asabar Malam ya zo asibitin. Ya sha babbar riga fara da hula zanna, ya fesa turare. Aka fito da karyar, ta hango shi ta fara kaɗa wutsiya. Shi kuwa ya ja da baya taku uku, ya haɗa hannuwa a baya, ya ɗaure fuska, ya kafa wa bango ido, yadda dattijo ke tsayawa a hoton ɗaurin aure.

"Matso kaɗan, ya Sheikh."

"Nan ma ya isa. Yalla, ɗauka."

Ranar Litinin Bakri ya zo shago yana dariya yana kuma jin haushi. Ƙuri'un ƙi sun rinjaya. Ya karanta masa abin da mutanen suka rubuta. Wani daga Brazil ya ce da gani an tare dattijon nan ne a hanya aka roƙe shi ya tsaya. Wata kuma ta ce karyar dai ta san shi, shi ne bai san ta ba.

"Sun ba mu damar sake turawa kafin Laraba," in ji Bakri. "Hannu kawai suke son gani a kanta."

Malam ya ce zai yi tunani.

A wurin cin abincin rana ya yi ta juya cokali a cikin shinkafa. Mardiya ta bar shi ya juya iya juyawarsa.

"Ba kai ka gaya wa yaran nan ba, a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne?"

"Ba maganar hukunci ba ce. Abin da aka ɗora a nan, kafin magariba ya isa Gusau. Yayana zai gani. A ce an tura mutum karatu ya koma kiwon kare."

"To Allah ya kyauta. Ni abin da ya ba ni mamaki daban ne. Maƙwabciyarka ta shekara uku tana kwance asibiti yau kwana biyar, ba ka je dubiya ba."

"Na je ranar Asabar."

"Hoto ka je ɗauka, Malam. Ko sannu ka ce mata?"

Ya ajiye cokalin. A rayuwarsa an taɓa ce masa mai taurin kai, an ce masa mai tsada, amma ba a taɓa ce masa ya ƙi dubiya ba.

Da hantsin Talata ya rufe shago ya hau bas zuwa Abbasiya, da jallabiyar zaman shago da silifas. Da ya sauka ya ga mai kayan marmari a bakin titi, ƙafarsa ta kai shi da kanta. Tun yana yaro bai taɓa shiga asibiti hannu rabbana ba. Ya sayi lemo da ayaba, har ya sa aka canza masa guda biyu da suka yi laushi. Sai da ya tura ƙofar asibitin, haushin karnuka ya tarbe shi, sannan ya dubi ledar da ke hannunsa.

Duktura Shahd ta dubi ledar, ta dube shi.

"Wannan na wa ne, ya Hajj?"

"Na mai jiki."

Ta juya ta ba shi baya, kafaɗunta suna rawa don dariya. "Ma'alish, yi haƙuri," ta ce wa bango.

Karyar tana kwance kan tsohon bargo a ɗakin baya, an aske mata ƙafa inda aka sa allura. Malam ya ajiye ledar a gefen kanta, yadda ake ajiyewa. Ya tattare jallabiya ya tsuguna.

"Sannu," ya ce. "Ya jiki? Ya kwanan asibiti? Sannu. An ce ba kya cin abinci. To ai ba a haka, sai an ci magani yake aiki."

Ta ja jiki ta ɗora haɓarta a kan silifas ɗinsa. Ya ɓare ayaba ɗaya ya miƙa mata. Ta shinshina, ta dube shi da idon tausayi, ta kau da kai.

"Ni ma na sani," ya ce. "Hannu ne ya saba."

Bai san lokacin da tafinsa ya sauka tsakanin kunnuwanta ba. Wurin da ɗumi, da laushi fiye da yadda ya zata. Ya daɗe a haka yana yi mata addu'ar samun sauƙi ƙasa ƙasa. Da ya ɗago sai ya ga Bakri a bakin ƙofa da waya a hannu.

"Ban tura ba," in ji Bakri. "Kalla tukuna. In ka ce a goge, khalas, na goge."

Malam ya kalla daga farko har ƙarshe. Ga fuskarsa fili, ga furfura, ga hannu a kan kare.

"Ka yanke wurin ayabar."

"Wallahi in na yanke shi na cuci asibitin nan."

Malam ya miƙa masa wayar. Ya dubi karyar, wadda har yanzu haɓarta ke kan silifas ɗinsa.

"Tura," ya ce.

Kafin azahar ɗin Laraba ƙuri'u sun wuce abin da ake nema. Mutumin Brazil ya nemi afuwa, ya kuma tambayi ko ayaba wani maganin gargajiya ne na ƙasarsu. Ranar Alhamis aka yi allura ta biyu, Malam yana riƙe da kan, ma'aikatan asibitin suna shan lemon dubiya.

Ranar Juma'a bayan masallaci shagon ya cika fiye da kullum. Ɗaliban suka yi ta sayen turaren da ba sa buƙata, kowa yana cije leɓe. Ana cikin haka wayar Malam ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Gusau. Ya danna, muryar yayansa ta cika shagon.

"Rabi'u, mun ga abin arziki. Duk gidan an kalla, har su Inna. An ce a tambaye ka, ya mai jiki?"

Wani ɗalibi ya fice waje da gudu yana toshe baki. Malam Rabi'u ya gyara zama, ya kai wayar bakinsa.

"Da sauƙi, Yaya. Jiya ta ci abinci. Saura allura huɗu, a taya mu da addu'a."