Madubin Malam Jaji

"Tayar da ni zaune, Abarshi," in ji Malam Jaji, "na gaji da kallon rufin ɗaki."

Abarshi ya tallabo maƙwabcin nasa ya jingina shi da bangon zaure. Mutum duk ya ƙare, nauyinsa bai kai na damin gero ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da likitan Turawa ya ajiye Jaji a Dogon Dawa da akwatin madubin duba jini, yana laluben wuyan mutane, yana ɗiga jininsu a gilashi don neman ciwon barci. Jaji ne ya ce ƙudan tsando ke kawo cutar, Di'o, Baturen mulki, kuwa ya sa aka sare kurmin bakin rafi da aikin tilas. Gari bai yafe wa Jaji ba. Aka ce ya bi Nasara, ya daina yarda da ƙaddara. In ya shiga sahu sai a matsa, har ya haƙura ya koma salla a gida.

"Na taɓa tambayar likita," Jaji ya ce yana haki, "ko manyan masanan da suka ƙera madubin nan sun san Allah. Ya ce wasu a ɗakin ibada suka tsufa, wasu ko sunansa ba sa son ji. Madubi ɗaya fa! Kai da ka leƙa, me ka ce?"

Abarshi ya sunkuyar da kai. Sau ɗaya ya leƙa, ranar da aka duba jinin 'yarsa Huseina. Ya ga halittu suna wutsil-wutsil cikin ɗigo guda, bakinsa ya kama subhanallahi, yadda Jaji ke yi kullum in ya ɗora ido. Yarinya ta warke, ta yi aure. Amma ko sau ɗaya Abarshi bai faɗi wannan a majalisa ba, don tsoron a haɗa da shi.

Kafin azahar Jaji ya cika. Abarshi ya ruga wurin liman, Modibbo Hammadu.

"Allah gafarta Malam, na shaida musulmi ne. Ta katanga nake jin karatunsa."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwansa."

Modibbo ya dube shi. "Sai yau bakinka ya buɗe? Ni zan zo in sallace shi. Mutanen gari kuwa, ka makara."

Mutum huɗu suka tsaya a bayan liman, a garin da babu wuyan da hannun Jaji bai taɓa ba. Abarshi ya yi kabbara huɗu, kunya na cin ransa.

Da suka dawo daga maƙabarta, masinja ya riga ya zo a keke ya ɗauke akwatin madubi, wai kayan gwamnati ne. Abarshi ya tsaya a ƙofar zaure. Ga shatin akwatin nan a ƙasa, ga buzun salla a gefensa, gashin wurin goshi duk ya sule.