Cinyar Ɓauna

Abin da ya ɓata al'amarin shi ne Yamusa ya kashe ɓauna bai aika wa dagaci da cinya ba.

Shi ya fara saran dajin nan na bayan rafin Kado, lokacin da ko Fulani ba sa kai shanu can saboda tsando. Aikin hanya ya koro shi daga garinsu. Duk rani sai Bature ya ce a kawo majiya ƙarfi, dagaci kuma ya nuna gidansu. Matarsa Asta ta biyo shi da tukunya da irin doya. A hankali wasu gajiyayyun suka taru, wurin ya zama tunga.

To, a al'ada, tungar da ta aika da cinya ta yarda ita ta dagaci ce, sai a fara ɗibar mazanta. Abin da Yamusa ke gudu ke nan. Asta ta sani, amma ta gaji da ƙaura.

"Maigida, cinya ce fa. Da kare ne ya ɗauke ai haƙura za mu yi."

"Yau ta ɓauna, gobe ta ɗanki. A kasuwar Zuba na ji, Bature ya kusa tafiya."

"Tun ina goyon fari yake kusa tafiya."

Naman bai ƙare ba sai ga wakilin dagaci da dogarai.

"Sannu, sarkin daji! Ina rabon uban ƙasa?"

"Yana cikin miya. Zauna a zubo maka."

Wakili bai zauna ba. Ya ce a fito da maza, hanyar Kaduna na jira. Yamusa ya tare bakin tunga da ƙotar gatari, ya ce ba wanda za a ɗauka. Asta ta duba bukkokin waɗanda suka ci naman tare da su, ta ga kowa ya ja asabarinsa.

Dogari ɗaya Yamusa ya samu ya kayar. Sauran suka rufe shi da kulki har ƙotar ta faɗi, sannan suka bi bukka bukka suna ɗaure mutane. Shi ba su ɗauke shi ba, don ba zai iya tafiya ba.

Ya kai la'asar yana numfashi da ƙyar, yana tambaya ko an tafi da ɗansu. Asta ta ce a'a, alhali an tafi da shi. Kafin magariba ya cika.

Ita da matan tungar suka haƙa kabarin da garmar doya, don ba a bar namiji ko ɗaya ba.