Tambayar Naomi a Zumuntar Mata

Tun kafin a raba Binuwai da Filato Mama Suzana ke shugabantar zumuntar mata a wata ƙaramar majami'a a Rikkos, kuma ba a taɓa yi mata tambayar da ta gagare ta ba. Ita ma ta san da haka, abin da ya ɓata ta ke nan.

Ran Alhamis da yamma, bayan an gama waƙa an ajiye tulun kiɗa, Naomi ta ɗaga hannu. Ba a daɗe da binne uwarta Kaneng ba, tsohuwa mai dafa burkutu, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da na Suzana. Har ta mutu ba ta taɓa taka majami'a ba.

"Mama," in ji Naomi, "azabar lahira iri ɗaya ce ga kowa? Tunda aka rufe uwata hankalina bai kwanta ba."

Suzana ta gyara ɗaurin ɗankwali, don irin tambayar da take so ke nan. Ta ce Ubangiji mai adalci ne, ba ya yi wa mutane kuɗin goro. Wanda ya san abin da ake so ya yi ya ƙi, hukuncinsa mai nauyi ne. Wanda bai sani ba kuwa, nasa da sauƙi. Mata suka yi ta gyaɗa kai.

Naomi ta taso ta durƙusa a gabanta tana share hawaye.

"Na gode, Mama. Ki gafarce ni, da ina jin haushinki. Na sha roƙonki ki shiga ki yi mata wa'azi, tunda ni ba ta jin tawa, kika ce in aka gan ki da zanen zumunta a gidan burkutu, dattawa za su mai da ke bencin baya wurin waɗanda majami'a ta sa wa horo. Ashe alheri kika yi mata. Da kin shiga, da ta sani."

Babu gatse ko kaɗan a muryarta. Da gatse ne, da Suzana ta ji dama-dama. Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta, matan kuma kowacce ta sunkuyar da kai.

Lokacin addu'ar rufewa ya yi, wadda kullum Suzana ke yi. Aka runtse ido ana jiranta.

"Naomi, ke yi mana," in ji Suzana da ƙyar. "Ni ce na sani."