Wanda Ya Nuna Musu Gidajen

Moumouni ya durƙusa gaban babur ɗin, bai damu da farar rigarsa ta ofis ba, yana ɗaure mariƙin waya kusa da madubi. Ya naɗa guntun tsohuwar robar taya a ƙarƙashi don kada ramukan Zongo su girgiza shi, ya matse noti, sannan ya saka sabuwar waya a ciki. Taswirar Lome ta haska.

"Daga yau ka daina cewa bayan gidan mai fura, gaban kwatar da akuya ta faɗa," in ji shi. "Ka zama ɗan zemijan, ɗan acaɓa na zamani."

Lukuman ya yi dariya. Shekara tara yana ɗaukar fasinja a babur, shi da ya bar makaranta a aji biyar, bai taɓa ɓata a garin nan ba.

"Ni wayar za ta nuna wa hanya, Mai-Faransanci?"

"Kai za ka nuna mata. Shi ne aikin."

Ya yi masa bayani. Kamfanin da yake wa aiki zai ba kowane gida na unguwa adireshi, don kai saƙo da kiran motar asibiti. Lukuman zai tsaya a kowace ƙofa, ya danna alama, ya ɗauki hoto, ya rubuta sunan mai gida. Sai tambaya ɗaya: akwai takardar fili ko babu?

"Me ya haɗa adireshi da takarda?"

"Don sunan ya dace da na hukuma. Kai dai danna e ko a'a."

Lukuman bai ƙara tambaya ba. Shi da Moumouni a akushi ɗaya suka ci tuwon Inna Asiyatu, mahaifiyar Lukuman, tun ba su san wanke hannu ba. Ko a ranar, da Inna ta leƙo, sai da Moumouni ya cire hula ya rusuna, ta sa masa albarka har da ta 'ya'yan da bai haifa ba.

Gidansu Lukuman ya fara sakawa. Ya ja baya don bishiyar mangwaron mahaifinsa ta fito a hoton. Wajen takarda ya danna a'a, zuciyarsa ɗaya.

* * *

Sati uku yana zagaye. Ruwa ya sauka, ya rufe wayar da leda ya ci gaba. Da baƙo ne ya zo da irin wannan tambaya, da an ce masa mai gida ba ya nan, amma Lukuman ɗan Asiyatu ne. Shi ya kai matansu awo, shi ya ɗauko ungozoma ranar haihuwar rabin yaran layin. Ana ba shi kujera, ana ba shi ruwa, ana faɗa masa har abin da bai tambaya ba.

Hajiya Hasanatu mai koko, wadda mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ta riƙe haɓa.

"Takarda kuma, ɗan nan? Ranar da Malam ya sayi filin nan goro aka raba, aka shafa fatiha gaban shaidu huɗu. Ukun sun riga mu, na huɗun ba ya gane 'ya'yansa."

"To a'a ke nan, Hajiya."

"Rubuta a'a. Amma ka ɗauke ni da kyau, kada a ce gidan Hasanatu ba shara."

Ta gyara mayafi ta tsaya a bakin ƙofa, ya ɗauka.

* * *

Bayan wata biyu, da hantsi, ya sauke fasinja a Adidogome ya dawo ya tarar da layinsu cike da mutane. Wani ɗan saƙon kotu na tafe da takardu a hannu, bayansa mutum biyu da bokitin jan fenti. Ba su tambayi kowa hanya ba. Sukan wuce gida uku, su tsaya a na huɗu, su zana babban gicciye a bango, su rubuta kwana talatin.

Aka ce wani attajiri ya sayi haƙƙin magadan mutumin da ya sayar da filayen tun zamanin kakanni, ya kai ƙara, kotu ta ce duk wanda ba shi da takarda ya tashi.

Lukuman ya kutsa har ya tsaya a kafaɗar ɗan saƙon. A shafin da ke sama akwai hoton gida, Hajiya Hasanatu tsaye a ƙofa tana murmushi. A kusurwar hoton, gefen madubin babur ɗinsa ya fito.

Ba shi kaɗai ya gani ba.

Gida arba'in da biyu aka shafa wa fenti. Na Inna Asiyatu ne farkon jerin.

* * *

Ya sami Moumouni a Avedji, a wani ofis mai sanyi a hawa na biyu. Moumouni ya fito da shi baranda ya ja ƙofa.

"Ka sani?" in ji Lukuman.

"Luku, saurara."

"Ranar da ka durƙusa wa Inna, ka sani?"

Moumouni ya dubi titi. "Da ban kawo ka ba, wani za su kawo. Doka ce. Shekara nawa ina ce muku ku yi takarda? Fatiha ba ta shiga kotu."

"Da wani suka kawo, da ba wanda ya buɗe masa baki. Shi ya sa ka zo wurina."

"Na yi maganar Inna da maigidanmu na ofis. Za a sama mata ɗaki biyu a bayan gari, ita kaɗai. Kada ka faɗa wa sauran."

Lukuman ya daɗe yana kallonsa. Ya nemi fuskar yaron da suke satar mangwaro tare, bai same ta ba.

"Ita kaɗai," ya maimaita.

"Kuma wayar, ka riƙe. Kyauta ce."

A ƙasa Lukuman ya tsaya gaban babur. Ya kama mariƙin ya murɗa, ya ƙi fita, Moumouni ya iya ɗauri. Sai da ya sa ƙafa ya ja da ƙarfi, ya fito tare da madubin. Ya ajiye su duka a kan matakalar ofishin ya tafi.

* * *

Inna ba ta yi masa faɗa ba. Da ya gaya mata zancen ɗaki biyu, ta ce, "In bar Hasanatu a titi in shiga ɗakin Moumouni? Kada ka sake kawo mini." Ba ta ƙara ambaton sunan ba.

Dattawa sun je kotu sau biyu sun dawo ba nasara. Ran kwana ashirin da bakwai mutane suka fara kwance rufinsu da ƙofofinsu kafin motar rusau ta haɗa da su. Tun safe unguwar ke amsa ƙarar kwano.

"Je ka aro guduma," in ji Inna. "Kwanon nan ubanka ya sa shi, ba zan bar musu ba."

Ya fara da maƙwabcinsu, aka ce tana hannun wani. Gida na biyu aka ce ta ɓata. A na uku mai gidan na kan rufi da guduma biyu, ɗaya a hannu ɗaya soke a ɗamara, ya dubi Lukuman ya ce ba shi da ita. Ya bi layin har ƙarshe, yana sallama da sunan kowa, ana amsa masa a taƙaice. A gidan Hajiya Hasanatu ya tsaya, ya ji motsinta a ciki tana haɗa tukwane, ya kasa yin sallamar.

Ya dawo hannu wofi. Inna ta dube shi. Ta shiga madafa ta fito da dutsen niƙanta, ɗan ƙaramin na sama, ta miƙa masa. Ya hau tsani da shi a hannu, ita kuma ta riƙe masa ƙafar tsanin, fuskarta na kallon wani gefe.