Katin Ɗan Anti Kilo

Duk macen da ta taɓa kai jariri awo a ƙaramin asibitin nan ta san Anti Kilo, kuma ba duka ne suka san ta da alheri ba. Shekara goma sha huɗu tana zaune bayan teburi ɗaya, sikeli a dama, tulin katuna a hagu, biro a soke cikin ɗankwali. Aiki kam ta iya, ko maƙiyinta ba zai musa ba. Bakin ne dai sai a hankali. In ta ɗora yaro ta ga lambar ba ta wuce ta watan jiya ba, sai ta ɗaga katinsa sama yadda duk matan da ke kan benci za su gani, ta ce, "Baiwar Allah, me kike ba shi? Iska?" Mata su yi dariyar dole, uwar yaro ta naɗe ɗanta ta fita tana kallon ƙasa.

To, sai ga shi bayan shekara goma sha ɗaya da aure Allah ya ba ta nata. Namiji, kilo uku da gram ɗari biyu, ita da kanta ta rubuta. Mijinta kafinta ne, mutum mai sanyin hali, amma murna ta kusa zautar da shi. Gadon da ya haɗa wa yaron sai da aka cire ƙofar ɗaki kafin ya shiga. Kowa ya zo gani sai ya yaba haƙurin jaririn: ba kuka, ba rigima, ya kama nono ya ɗan tsotsa ya yi barci. Kafinta ya sa masa suna Malam Shiru, yana cewa halinsa ya ɗauko, ba na uwarsa ba.

Ita ce ta fara ganewa, ai dole. A sati na shida ta auna shi ta ga gram ɗari biyu ya rage ya kai inda ya kamata. Ta tsaya da biro a hannu. Gram ɗari biyu ai fitsari ɗaya ne, in ji zuciyarta, sati mai zuwa zai cike. Sai ta ɗiga ɗigon nauyinsa a kati, a inda ya kamata ɗin. Sati ya zagayo bai cike ba. Yanzu kuma in ta rubuta gaskiya, layi zai yi ƙasa, kuma duk mai ido zai tambaya. Ta sake ɗagawa kaɗan.

Haka abin ya yi ta tafiya. A kati yaro na hawa tsaf, gwanin sha'awa, a hannunta kuwa wuyan rigarsa sai ƙara faɗi yake. Ba zama ta yi ba, kada a yi mata sharri. Ta ba shi nono a zaune, ta ba shi a kwance, kan nonon ya tsage har tana cije leɓe. Ta saya masa madara a wani kanti mai nisa inda ba a san ta ba, ya riƙe robar fidar a baki madarar na bin gefen kumatu. Abu ɗaya ne ba ta yi ba, shi ne ta taka taku ashirin daga teburinta zuwa ƙofar likita. Ta ya za a yi? Anti Kilo guda a ce ɗanta ya kasa? Da ta koma aiki sai ta riƙa zuwa da shi, ta jibga masa riga uku da hula da safa, ta kwantar da shi a ɗakin ajiye kaya. Awo kuwa sai da sassafe, kafin kowa ya iso, ƙofa a rufe.

Akwai wata sabuwar nas da aka turo ta koyi aiki a wajenta, yarinya mai rawar kai, komai aka faɗa mata sai ta yi shi har da ƙari. Ran nan da hantsi Anti Kilo ta je ɗauko allurar rigakafi a firji, layin mata ya ɗan tsagaita, sai yarinyar ta ji ƙaramin motsi a ɗakin kaya. Ta ɗauko Malam Shiru tana masa wasa. Da ta ji shi a hannu kamar ba ta ɗauki komai ba, sai ta yi abin da aka koya mata: ta tuɓe shi tsaf, ta ɗora a sikeli, ta zaro katinsa daga jakar goyo.

Anti Kilo ta dawo ta tarar da riguna uku a kan teburi, babu yaro. Wata mata a benci ta nuna mata ƙofar likita da baki.

Ta shiga ta same shi tsirara a kan gadon duba marasa lafiya, haƙarƙarinsa a waje, fatar cinyarsa ta yi laushi ta naɗe. A ɗaki ita kaɗai ta sha ganinsa haka. Ganinsa a ƙarƙashin farin fitila da idon mutane a kansa, wannan daban ne. Sabuwar nas har ta kira Kafinta a waya, shagonsa ba nisa, sai ga shi ya faɗo da garin katako a gashi.

"Anti, kilo huɗu da gram ɗari!" in ji yarinyar. "Satin jiya biyar da ɗari shida kika rubuta. Kilo ɗaya da rabi a sati guda!"

Likitar, dattijuwa ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta riƙe katin tana duban yaron. "Gudawa yake yi? Amai? Zazzaɓi?"

"A'a," in ji Anti Kilo.

"Yaro ba ya zubar da wannan nauyin a kwana bakwai haka kawai. Akwai abin da ke cinsa da sauri, kuma ban gan shi ba." Ta jawo takarda. "Za a ɗebi jini, a ɗebi fitsari. In ba mu ga komai ba, sai a tura shi babban asibiti yau ɗin nan, wataƙila su ɗebi ruwan ƙashin bayansa. Nas, nemo min jijiya."

Yarinyar ta ɗaure ɗan hannun nan da roba, hannun da bai fi yatsu biyu ba, ta shiga lalube. Kafinta ya juya fuska bango yana salati. Anti Kilo na tsaye tana kallon allura. Ta san sarai cutar da za a je nema babu ita, ita ta ƙirƙire ta da biro. Za a yi ta huda shi ana bin ƙaryarta, abin da ke damunsa na gaskiya kuma yana nan zaune. Kunya ta rufe ta.

"Dakata," ta ce. Ba a ji ba, sai da ta sake. "Dakata. Likita, bai rame a sati ɗaya ba. Bai taɓa kaiwa biyar ba."

Likita ta sauke gilashi.

"Katin ƙarya ne. Ni na rubuta."

Da Kafinta ya yi faɗa da ta fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya juyo a hankali ya ce, "Maman yaro, katin da nake ɗauka a waya ina nuna wa mutane a shago?" Ta kasa ɗaga ido. Sabuwar nas kuwa ta kwance robar, ta rasa inda za ta sa fuskarta, kamar ita ta yi laifin.

"Kina tuna na gaskiyar?" in ji likita.

Tana tunawa mana. Wace uwa ce za ta manta? Ta shiga jero su, sati bayan sati, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, yarinyar da take koya wa aiki tana ɗigawa a sabon kati. Da aka haɗa ɗigon, layin ya fito a kwance, sati goma sha ɗaya cur.

"To, yanzu na san abin da nake nema," likita ta ce. Ta sa a ba shi nono a gabanta, ta sunkuya tana kallo tana saurare. Sannan ta wanke hannu ta sa ɗan yatsa a bakinsa ta ɗaga harshen. Wata 'yar tsoka ce ta ɗaure shi ta ƙasa, ba ya iya miƙewa ya ja nono. Tsotso yake har ya gaji, ya yi barci da yunwa. Haƙurin da ake ta yabo ke nan.

"Gyaran wannan ba ya cin minti biyar," in ji likita. Ba ta ƙara komai a kai ba, kuma wallahi gara a ce zagi ta yi.

Aka gyara harshen, aka ba su gado a ɗakin yara. Duk bayan awa biyu Anti Kilo ta tatsa a kofi ta ba shi da ƙaramin cokali, tana ƙirga haɗiya. Matan da ke sauran gadajen, rabinsu sun taɓa tsayawa gaban teburinta. Ba wadda ta ce mata uffan sai sannu, ita kuwa kowace sannu sai ta ji ta har ƙashi. Kafinta yana kawo abinci, ya zauna ya riƙe ƙafar ɗansa, magana kaɗan.

Kwana uku bayan nan, da safe, sabuwar nas ta turo sikeli har bakin gado. Ta tuɓe yaron ta ɗora shi, shi kuwa ya callara ƙara, irin wadda bai taɓa yi ba, har wata mata ta ce, "Kai, ashe da murya!" Yarinyar ta matsa gefe ta miƙo biro da kati, don girmamawa.

Anti Kilo ta dubi biron. Ta mayar da hannuwanta bayanta.

"Ke karanta."

"Huɗu da ɗari da sittin, Anti. Ya ƙaru da gram sittin."

"Sake dubawa," ta ce, hawaye na zuba ba ta share ba. "Abin da kika gani shi za ki rubuta. Ko na roƙe ki, kada ki ƙara masa komai."